Jirage Marasa Matuƙa: Kada Jihar Neja Ta Sayi Kifi A Ruwa

Da asubahin ranar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya ci unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa, inda mutane fiye da 150 suka rasu, aka kuma yi kwanaki ana neman wasu a gaɓar Kogin Neja. Kafin wannan, a daren 1 ga Oktoban 2024, jirgin ruwa ɗauke da kimanin mutum 300 ya kife kusa da Gbajibo, a wannan ƙaramar hukumar dai, kuma masunta da gwanayen iyo na ƙauyukan yankin ne suka fara ceto cikin duhu. Duk lokacin da irin haka ta faru, a majalisun hira na Minna, daga Bosso har Kpakungu, sai ka ji wani ya ce ai da muna da jirage marasa matuƙa da asarar ba ta kai haka ba. Ni ma ina da wannan ra'ayi, amma da sharaɗi: a san kasuwar tukuna kafin a fito da kuɗi.

Mai karatu, sunan ɗaya ne, amma hajar iri-iri ce. Akwai ƙananan masu fanka huɗu da kyamara, irin waɗanda masu ɗaukar hoto ke tashi da su a wajen biki, kuma kamfanin DJI na ƙasar Sin ne ya mamaye kasuwarsu. Waɗanda aka ƙera domin ceto suna da kyamarar da ke gano ɗumin jikin mutum da dare, wato za su iya hango wanda ya maƙale a kan bishiya ko rufin ɗaki. Sai dai batirinsu bai cika wuce minti 45 ba, iska mai ƙarfi da ruwan sama suna hana su tashi, kuma kyamarar ba ta ganin wanda ya nutse. Dillali ba zai fara da wannan bayani ba.

Akwai kuma masu fukafukai irin na kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, sannan ya buɗe cibiya a Pambegua ta Jihar Kaduna a 2022. Jirgin yakan yi tafiyar kilomita kusan 80, ya saki kunshin magani da 'yar lema, ya juyo. Abin lura a nan shi ne, jirage da matuƙansu da gyaransu duk a hannun kamfanin suke, aikin kai kaya ake biya. A nawa ganin wannan tsari ya fi dacewa da mu, domin kuwa mun sha ganin injinan da aka sayo da tsada, aka yanke kirtani, aka ɗauki hoto, bayan shekara guda ƙura ta rufe su saboda rashin kayan gyara.

Na uku su ne na soja masu ɗaukar makami, waɗanda ba hajar hukumar agaji ba ce. Duk da haka abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna ranar 3 ga Disambar 2023, inda jirgin soja ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi, ya nuna cewa horar da mai kallon allo ya fi sayen kyamara muhimmanci.

To, waɗanne tambayoyi ya kamata hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, NSEMA, ta yi wa duk mai talla? Ta farko, ina za a ajiye jirgin? Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, kusan murabba'in kilomita 76,000, kuma daga Minna zuwa Mokwa ya haura kilomita 200. Jirgin da ke kulle a ofis a Minna bai da amfani ga wanda kwalekwale ya kife da shi a Agwara ko Borgu. A bakin ruwa ya kamata ya kwana, a hannun wanda aka horar. Sai maganar caji, abin kunya a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma dole a tanadi hasken rana. Sai izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Wa zai gyara idan fanka ta karye? Idan sai an aika Legas, ai magana ta ɓaci, alhali ga ɗaliban injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna waɗanda za a iya koya wa.

Bugu da ƙari, jirgi hangowa kawai yake yi, ba ya tsamo kowa. Idan ya hango yaro a tsakiyar ruwa, sai da jirgin ruwa mai inji da mai a tankinsa kafin a kai gare shi. Saboda haka ina ba da shawarar a gwada jirage ƙalilan a Mokwa da Shiroro na damina ɗaya, a rubuta sau nawa suka tashi da mutum nawa suka gano, a kuma ajiye wannan lissafi kusa da farashin rigunan kariya na ruwa kafin a sa hannu a kowace kwangila.