Bel Ɗin Da Ba Ya Kuka

Jama'a, motoci da yawa bel iri biyu gare su, lalle ne kuwa mai mota ya san bambancinsu.

Na fari shi ne fambel, wanda ke fili in an buɗe gaban mota. Shi ke juya na'urar cajin batir, a waɗansu motoci har da famfon ruwa. Kadan ya tsufa yakan yi kuka, tun ba da sanyin safiya ba, ko kuwa a ga ya tsattsage. Wannan mai sauƙi ne.

Na biyu shi ne taimin bel, mai haƙora, wanda ke ɓoye cikin murfi. Shi ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistan. Sau da yawa ba ya yin kashedi. In ya tsinke ana cikin tafiya sai inji ya mutu nan take, a injuna da yawa kuma fistan ya doki bawul ya lanƙwasa su, gyara ya ninka kuɗin bel sau da dama.

Saboda haka lissafi za a bi, kada a jira kunne. Galibin maƙera sun ce a sake shi tsakanin mil 60,000 da 100,000, ko bayan waɗansu shekaru ko da ba a cika mil ɗin ba. Littafin motarka zai gaya maka. Wanda ya sayi mota ta hannu, bai san ran da aka sake ba, ya sake. A sake shi tare da abin da ke ɗame shi, a kuma toshe yoyon baƙin mai, gama mai yana cin roba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.