Kwangila a Duhu: Wa Ke Auna Farashi?

A farkon 2020, binciken da aka gudanar a ma'aikatar tsaron Nijar ya nuna cewa kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta a kwangilolin kayan soja: an ninka farashi, wasu kayan kuma an biya kuɗinsu ba su iso ba. A lokacin, ƙasa ba ta gama makokin sojoji 71 na Inates da 89 na Shinegodar ba.

Da yawa daga cikin kwangilolin an ba da su ne ba takara, da sunan sirrin tsaro. Ɗan kasuwar Saga mai biyan patanti, in ya nemi kwangilar teburan lakwal goma, sai an wahalar da shi da takardu. Mai uwa a gindin murhu kuwa, waya ɗaya ta ishe shi.

Maimakon a toshe ɓarakar, dokar 23 ga Fabrairu 2024 ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati. Mun yarda a ɓoye nau'in makami. Amma farashin takalmin soja da siminti fa? A buga sunan wanda ya ci kwangila, da kuɗinta, da ranar da ya kawo kaya.