"Sai hanƙuri" ba resi ba ne



A ƙasar nan, in ka aika kuɗi daga Yamai zuwa Damagaram, kafin ka fito daga ofishin masu aikawa an riga an sanar da wanda ka aika wa. Ya je da katinsa da lambar saƙo, ya amshi kuɗinsa cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. To amma ɗauki ambulan mai takardu, ko kwali mai magani, ka kai tashar bas a wannan gari, ka ce a kai wancan garin. Daga nan ka shiga addu'a. Wataƙila ya isa gobe. Wataƙila ya zarce Difa. Wataƙila yana nan kwance cikin mangaza, an danne shi da wasu kaya, ana ce wa mai shi "bai iso ba tukun". Ƙasa ɗaya, hanya ɗaya, wani wurin ma taku kaɗan ne tsakanin gishen kuɗi da gishen koli. Don mi kuɗinmu ke da mai tsaro, kayanmu kuwa babu?

Bari in fara da gaskiyar da ba a musu. Kamfanonin sufuri sun ɗauke mana nauyi babba. Gidan waya na gwamnati, Niger Poste, yana nan, amma tsarinsa na asali akwati ne: ka yi haya, ka riƙe makulli, ka je ka duba. Mu nawa ne cikin masu karanta wannan rubutu muke da akwatin gidan waya? Wannan giɓi ne motocin bas suka cike. Motar da ta tashi Yamai da asuba, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, tana shiga Maraɗi a ranar, tafiyar da ta haura kilomita 600. Ta ci gaba ta Tasawa har Damagaram, kusan kilomita 900 daga babban birni. Ta Tawa kuwa ta rabu da babbar hanya a Tsarnawa ta yi arewa. Kullum haka, rani da damina. Shi ya sa uwa a Tasawa take iya aika wa ɗanta ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni garin kunu da kilishi, shi ya sa ɗan kasuwar Maraɗi yake iya sayar wa mutumin Tawa ba tare da ya taka ƙafarsa can ba.

Amma wannan gaskiyar ita ce ke tona asiri. In mota tana cin wannan hanya a yini guda, to saƙon da ya yi kwana shida ba a hanya ya yi su ba. A hannun mutane ya yi su.

Duk wanda ya taɓa aikawa ya san yadda abin yake. Ka kawo kwalinka, a ɗaga shi da hannu, a dube shi, a dube ka, a yanke kuɗi. A rubuta suna da lambar waya a jikin kwalin, a rubuta a wani babban littafi, a yago maka ƴar takarda, resi ke nan. A resin, sau da yawa, ba abin da ke ciki, ba darajarsa, ba ranar da zai isa. Daga nan kwalinka ya shiga cikin motar tare da kayan fasinja. A kowane zango ana sauke kaya ana loda wasu, cikin gaggawa, wani lokaci cikin duhu. Lamba ɗaya ta goge, ko yaron mota ya karanta Madawa a matsayin Maraɗi, shi ke nan, an gama. A can inda za a amsa kuwa, ba lallai a kira ka ba. Kai za ka hau kabu-kabu ka je, a ce ka dawo gobe. Ka koma, a ce mai makullin mangaza ya fita. Ka kira lambar da ke kan resi, ta yi ta ƙara har ta gaji. Kuɗin kabu-kabun da ka kashe ya fi kuɗin aika saƙon. In ka ɗaga murya, a ba ka amsar da ta fi kowace araha a ƙasar nan: "Sai hanƙuri."

Masu kai kaya gida-gida da babur cikin gari su ma da nasu salon. "Ga ni nan tafe" tun hantsi, har la'asar shiru. Ka fasa fita, ka zauna gadi, da magariba a ce an zo ba a gane gidan ba. Wani ɓangare na wannan ba laifinsu ba ne, domin adireshinmu har yau kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, ƙofa mai launin shuɗi. A Yamai akwai tituna masu alluna da lambobi, amma wa ke amfani da su? Duk da haka, a zamanin da WhatsApp ke nuna inda mutum yake tsaye, "ban gane gidan ba" ya daina zama hujja.

Wani zai ce, duk ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa, kai kana maganar kwali? To mu buɗe kwalin mu gani.

A ciki akwai dosiyen matashin da ya gama karatu a jami'ar André Salifou, yana neman shiga konkur, an sa ranar rufe amsar takardu, ba shi da kuɗin motar zuwa Yamai da dawowa. Ya aika. Dosiye ya isa kwana biyu bayan an rufe. Wannan ba kwali ba ne ya makara, shekara guda ce ta rayuwar mutum ta tafi. A ciki akwai maganin tsohon da ba a samu a garinsu ba, sai da aka nemo a babban birni, maganin da ba ya son zafi, ya kwana uku cikin mangazar kwano a watan Afrilu. A ciki akwai jarin yarinyar da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Wata ƙawar ƙanwata haka ta yi asarar turmi huɗu na atamfa tsakanin Maraɗi da Yamai. Mai saye ta riga ta biya, kaya ba su isa ba, kamfani ya ce a yi hanƙuri ana bincike. Ita ta mayar da kuɗin daga aljihunta, kuma duk da haka sunan da ya bi ta a unguwa shi ne "mai cin kuɗin mutane". Kamfanin bai rasa ko fasinja ɗaya ba. Ita ta rasa jari, ta rasa suna.

Kullum ana ce mana matasa su daina jiran aikin gwamnati, su kama sana'a, su shiga kasuwancin intanet. Madalla. Amma kasuwancin intanet ƙafa biyu gare shi: biyan kuɗi da isar da kaya. Ƙafa ɗaya ta miƙe, ɗayar tana ja. Da haka za a yi gudu?

Yanzu ga abin da na fi son kowa ya riƙe daga wannan rubutu. Abin da muke ɗauka alfarma ce, a doka kwangila ce. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya. A 2003 ƙungiyar ta amince da doka kan ɗaukar kaya a mota, ta fara aiki a farkon 2004. Dokar ta ce da zarar kun daidaita da mai mota zai kai kaya wuri kaza a kan kuɗi kaza, kwangila ta ƙullu. Daga lokacin da ya amshi kayan har ya miƙa su, alhakin ɓata, lalacewa da makara yana wuyansa, sai fa in ya nuna cewa abin ya fi ƙarfinsa ko laifin mai kayan ne. In an yi alƙawarin rana, aka ƙara kwana 30 kaya ba su iso ba, kana da ikon ɗauka sun ɓata ka nemi diyya. In ba a sa rana ba, kwana 60 daga ranar da aka amsa. Ƙorafin makara ana yin shi a rubuce cikin kwana 21. Kai ƙara kuwa, shekara guda gare ka.

Sai dai akwai tarko, kuma a nan ake cin mu. Dokar ta ƙayyade diyya: ba ta wuce sefa 5.000, jika biyar, a kan kowane kilo, in dai ba ka bayyana darajar kayanka an rubuta ba. Yi lissafi da kanka. Wayar hannu ba ta cika wuce giram 200 ba. Ke nan wayar da ka saya jika ɗari, in ta ɓata ba a rubuta darajarta ba, abin da ma'aunin kilo zai ba ka jika guda ne. Dosiye kuwa, nawa ne nauyinsa? Ta fuskar makara ma, diyya ba ta wuce kuɗin da ka biya na aikawa, sai in tun farko ka sa an rubuta cewa isar kayan a kan lokaci yana da muhimmanci na musamman gare ka. Wannan iyaka tana faɗuwa ne kawai in an tabbatar da ganganci ko mummunan sakaci. Kun ga ke nan resin da ba a rubuta komi a kansa ba, ba lalaci kaɗai ba ne. Wanda ya ba ka shi ne yake cin ribarsa.

Ban ce a rataye yaron da ke gishe ba. Shi ma ɗan talaka ne, tun kafin asuba yake tsaye, da biro da littafi yake fama da ɗaruruwan kwalaye. Tsawar da ka yi masa ba ta kai ofishin mai kamfani. Magana ta masu kamfani ce, da hukumomin da aka ɗora wa sa ido. Muna da ARCEP, hukumar da aka kafa a 2018, wadda aikinta ya haɗa sadarwa da harkar gidan waya da isar da saƙo. Muna da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015. Muna da ma'aikatar sufuri da ta kasuwanci. Tambayata gare su mai sauƙi ce: matar da kayanta suka ɓata a tashar Tawa, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa, kuma a wane harshe za a saurare ta?

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba, tunda masu aika kuɗi suna yin irinsa kullum a gabanmu.

Na ɗaya, kowane saƙo ya samu lambarsa, resi ya nuna abin da ke ciki, nauyinsa, darajarsa da ranar isa. Sikeli a gishe, ba awon ido ba.

Na biyu, saƙon waya sau biyu: lokacin da kaya suka tashi, da lokacin da suka sauka. Kada a miƙa wa kowa kaya sai da kati da lamba.

Na uku, a liƙa farashi da ƙa'idar diyya a bango inda kowa zai gani, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a kuma riƙa faɗa da baki ga wanda bai iya karatu ba.

Na huɗu, takardu da magani su samu jaka ta dabam mai kulle, kada a haɗa su da buhuna. Wanda ya buƙaci haka ya ƙara kuɗi kaɗan, ba wanda zai ƙi.

Na biyar, kowane kamfani ya ware mai amsar ƙorafi da lambar da ake ɗauka, da wa'adin ba da amsa. Hukuma kuma ta riƙa fitar da adadin ƙorafe-ƙorafen da aka kai kan kowane kamfani a fili, mu san inda za mu kai kayanmu. Kasuwa da kanta za ta yi sauran hukuncin.

Mu ma da namu aikin, kuma daga yau ake farawa. Kada ka bar gishe sai an rubuta abin da ke cikin kwalinka da darajarsa, ko da za a ƙara maka kuɗi. Ɗauki hoton kayan kafin a rufe, ɗauki hoton resi, tura wa mai amsa. Rubuta lambar waya a gefe biyu na kwalin. Takardun da ba su da madadi, ka yi kwafinsu ka ajiye. In ka je amsa, buɗe a gabansu kafin ka sa hannu. In kuma abu ya faru, kada ka tsaya ga cacar baki: rubuta ƙorafi, kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka, ka nufi ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da shi. Murya tana bin iska, takarda tana zama. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya sa shi a aljihu, na mutum ɗari ba ya shiga aljihu.

Hanƙuri hali ne mai kyau, da shi aka rene mu. Amma hanƙuri na abin da Allah ya saukar ne: ruwa ya cinye gada, mota ta yi haɗari. Ba a yi shi don a rufe sakacin wanda ya amshi kuɗinka ba. A garuruwanmu, tun kafin a yi kwalta, ana ba matafiyi saƙo ya kai, kuma wanda ya ci saƙo ya san sunan da zai bi shi. Ba mu ce a kawo mana sabon abu daga Faransa ko Amurka ba. Amanar da muka gada muke so a rubuta a takarda, a sa mata lamba. Hausawa sun riga sun yanke hukuncin: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ranar da za ka koma tasha da kwali a hannu, ka tambayi mai gishe cikin ladabi: "Malam, in ya ɓata, nawa za ku biya ni? Rubuta mini a nan." In mu duka muka riƙa yin wannan tambaya, a Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a Yamai, ba za a daɗe ba za a buga amsarta a kan resi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu.