Kuɗin caca ba zai dawo da sukuwar Akra ba

Wanda ya bi ta unguwar Ridge a Akra yau zai ga otal ɗin Kempinski dab da babban zauren taro na ƙasa da ƙasa. Yaranmu da yawa ba su san nan ne tsohon filin sukuwa ba, inda ƙungiyar Accra Turf Club ta daɗe tana shirya tseren dawaki tun zamanin Turawa. Aka ba masu gine-gine filin, otal ya buɗe a 2015, su kuma dawaki aka tura su Borteyman, can bayan gari ta wajen Tema. Tun daga nan harkar ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba.

Abin ya shafe mu, don da yawa cikin mahaya da masu kula da barga da masu yankan ciyawa 'yan Zango ne. Doki kuwa ko ya yi tsere ko bai yi ba sai ya ci dusa da harawa, sai an biya likitan dabbobi.

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da sukuwa, sai ka ji wasu na cewa a jawo kamfanonin caca, wai da haka filayen Ingila da Faransa ke rayuwa. Gaskiya ne, can caca ce ke riƙe da harkar. Amma ni ina ganin lissafin ba zai fita a nan ba, ko da mun ajiye maganar haramci gefe. Kuɗin cacar Gana ya riga ya koma wayar hannu da ƙwallon Turai. Ina koyarwa, ina jin abin da samari ke hira a kai. Wallahi ba doki a ciki. Har gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 kan abin da mai caca ya ci a 2023, aka soke shi a 2025, kuma duk wannan ce-ce-ku-cen ba wanda ya tuna da sukuwa. Wanda zai yi caca yana kwance a ɗaki, me zai kai shi Borteyman cikin rana?

To, maganar haramcin ma ba a gefe take ba. Malamanmu ba su hana tseren doki ba. An yi shi a Madina zamanin Annabi (SAW), kuma kyautar da wani na gefe ya sa wa wanda ya zo na ɗaya halal ce. Abin da aka hana shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi, wani ya kwashe na wani. In aka gina farfaɗowar a kan wannan, an kori alhazan da ke iya sayen doki su ciyar da shi.

Akwai inda ake sukuwa ba teburin caca a fili. Gasar Dubai tana gudana tun 1996, ta Saudiyya ta fara a 2020 da kyautar dala miliyan 20. Na sani, aljihunsu ba irin namu ba ne. Amma mu ma muna da abin da ke tara jama'a: dubi yadda ake cika wajen Damba a Tamale da Yendi don kallon dawaki, dubi yadda yara ke bin mahaya ranar Sallah. A tsayar da ranakun tsere sanannu, biyu daga ciki su faɗo a makon Sallah ƙarama da babba, a sa kuɗin ƙofa mai sauƙi, 'yan kasuwa su sa kyauta da sunansu, a yi yarjejeniya da direbobin trotro daga Nima da Madina da Ashaiman. Sarakunan Zango za su iya jan wannan, Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ma akwai dalilin ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Sai dai kafin duk wannan, a fara da takardar fili. Borteyman ba daji ba ne yanzu. Tun da aka gina cibiyar wasanni a can don gasar Afirka ta Maris 2024, idon masu gidaje yana wajen. A Legas ma tsohon filin sukuwa ne ya zama dandalin Tafawa Balewa. Ba mai kuɗin da zai gina barga a ƙasar da bai tabbatar za a bar masa ita shekara 20 ba, don haka ya kamata ƙungiyar da hukumar filaye su fito su nuna wa masu dawaki sunan wa ke kan takardar, kuma har zuwa yaushe.