Wa Ya Ci Kuɗin Masu Goyo?

Yau magana mai ɗaci mu ke tafe da ita, ba kuwa za mu sa mata zuma ba, gama ciwon da a ke ɓoyewa shi ke kashe mai shi.

Watanni ke nan wata jita-jita tana yawo, daga bakin famfo zuwa rumfar mahauta, daga tashar mota zuwa ƙofar masallaci. Wai wata 'yarmu, haifaffiyar zongon nan, wadda ke aiki a ofishin Soshal Welfiya na Asambili, ita ce ta hana matan unguwa kuɗin da Gwamnati ke ba masu ciki da masu goyo. Waɗansu sun ce girman kai gare ta. Waɗansu sun ce ta sayar da mu. Waɗansu ma, ba tsoron Allah, sun ce ita ke cinye kuɗin. Har ta kai an daina amsa gaisuwar uwarta a gidan suna, an kuma aika wa ubanta cewa ya ja wa 'yarsa kunne. Yanzu yarinyar nan tana neman a canza mata wurin aiki, ta bar mana garin. Ba za mu ambaci sunanta ba. Wanda ya sani ya sani.

Ƙungiya ba ta yi gaggawa ba. Mun tashi dattawa uku da mata biyu, suka zauna da ita, suka zauna da matan da ke kuka, suka kuma taka har ofis. Abin da suka samo shi za mu faɗa, kowa ya auna da hankalinsa.

Da fari dai, mu san abin da mu ke faɗa a kansa, domin da yawa cikin masu surutun nan ko sunan shirin ba su sani ba. Sunansa LEAP, watau kuɗin tallafin matalauta. An fara shi a 2008, zamanin Shugaba Kufuor, da gidaje 1,654 cikin gundumomi 21. Da farko marayu ne, da tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama waɗanda ba su da mai riƙonsu, da naƙasassun da ba su iya aiki. A 2015 aka gwada ƙara mata masu ciki da masu goyon jarirai a gundumomi 10 na arewacin Gana, da taimakon UNICEF da Gwamnatin Amurka. Aka kira gwajin LEAP 1000, saboda kwana dubu na farko, tun daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne kwanakin da yunwa ta fi yi wa ɗan Adam ɓarnar da ba ta gyaruwa. Daga baya aka shigar da masu ciki da masu goyo cikin shirin gaba ɗaya.

Nawa ne kuɗin? Bayan wata biyu-biyu a ke biya. Daga 2015 gida mai mutum ɗaya da ya cancanta yana karɓar sidi 64, mai mutum huɗu ko fiye sidi 106. A 2023 aka ninka, ya koma 128 zuwa 212. A 2024 aka sake ninkawa, 256 zuwa 424. To, 'yan kasuwa, ku da kuka iya lissafi, ku raba 424 a kan kwana sittin. Wajen sidi 7 ke nan a rana a lissafin 2024, ga gida mai baki huɗu ko fiye! Kuɗin koko da ƙosai. A kan wannan ne mu ke yaga mutuncin 'yar mutane. Amma kada kowa ya raina shi, gama ga macen da mijinta ya tafi ci-rani shekara biyu ba amo ba labari, shi ne bambancin kwana da yunwa da kwana da abu a ciki. Ban da haka kuma, wanda ke cikin shirin a kan yi masa katin inshorar lafiya kyauta.

Yanzu ga zargi na fari. Sun ce ta ƙi rubuta sunayen mutanenmu. Jama'a, alƙalamin nan ba a hannunta ya ke ba. Ga yadda abin ke tafiya. A Ankara a ke duba lissafin talauci, a zaɓi gundumomi da unguwannin da za a shiga. Sa'an nan a aiko masu ƙidaya su yi wa kowane gida tambayoyi: mutum nawa ke kwana a ɗaki, da me aka yi rufi, ina a ke samun ruwan sha, wa ya yi makaranta, me aka mallaka. A aika amsoshin babban ofishin shirin, ƙarƙashin Ma'aikatar Mata da Yara da Kare Marasa Ƙarfi, a can kwamfuta ta auna ta fitar da waɗanda suka fi talauci. Aikin ma'aikacin gunduma shi ne ya sanar da jama'a, ya tsaya ranar biya ya ga kowa ya karɓi nasa, ya kai ƙarar wanda aka cuta, ya ba da labarin wanda ya rasu ko ya ƙaura. Ko uwarta ce ta zo da ciki, ba ta da ikon ƙara ta.

Amma a ce ma tana da iko. Wane ne ya je wurinta? Mun bincika. Wanda ya fi kowa ɗaga murya yana da shago biyu da mota a kan hanya, ya kuma so a rubuta matansa biyu da ƙanwarsa. Da ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba naku ba ne," sai ya ce ba ta da kunya. Kai! Ashe kunya ita ce a ɗauke loma daga bakin jaririn bazawara a sa a bakin mai shago? Kuɗin nan ƙayyadadde ne. Duk sunan ƙarya da ya shiga, sunan gaskiya ne ya fita. Mai shagon nan, in yaronsa ya ɗebi kaya ya ba abokansa don zumunci, ai korarsa zai yi ran nan. Me ya sa amanar shago ta zama amana, ta jarirai kuwa ta zama ganima?

Zargi na biyu, sun ce in kuɗi ya yi jinkiri ita ta riƙe. Jinkiri kam a kan yi, ba mu musu, akwai lokutan da mata suka yi watanni suna jira. Amma tun 2016 ba a ƙirga wa kowa kuɗin nan daga jakar ma'aikacin Asambili. Ta katin e-zwich a ke biya, ma'aikatan banki su zo da na'ura, mai kati ta ɗora yatsa, a ba ta. In Baitulmali a Ankara bai saki kuɗi ba, babu abin da zai fito ko an kwana a ƙofar ofis. Wanda ya ce ta ci, ya kawo shaida. Akwai hukumar CHRAJ mai karɓar ƙarar ma'aikatan Gwamnati, akwai kuma dokar neman bayani ta 2019 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar ofis. In shaida ta tabbata, mu ne za mu fara raka mai ƙara. In babu, to, a rufe baki, gama ƙazafi ba ƙaramin abu ba ne ran gobe.

Masu cin kuɗin masu goyo kuwa suna nan, kuma a cikinmu su ke. Akwai dillalan da ke bin gida-gida suna cewa a ba su "kuɗin goro" su sa suna a takarda. Ƙarya su ke yi. Shiga shirin nan ko kwabo ba a biya. Akwai 'yan koren siyasa masu cewa kyauta ce ta jam'iyyarsu, wanda bai yi su ba za a cire shi. Su ma ƙarya su ke yi. Gwamnati ta canja hannu a 2009, da 2017, da 2025, shirin yana nan. Akwai kuma, Allah ya shirye mu, mazan da ke tsayawa a bayan layi ranar biya, mace na karɓa su miƙa hannu. Waɗannan duka ba mu ji an ƙi amsa gaisuwar iyayensu ba. Sai yarinyar da ta ce a'a.

Zargi na uku ya fito daga bakin waɗansu da mu ke ganin girmansu. Sun ce kuɗin nan bara ne, aikin rabonsa kuma bai kamaci 'yar Musulmi ba. Malamai, gafara dai. Ku kuka karantar da mu labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, daren da ya yi gadin ayarin fatake a Madina, ya ji jariri yana ta kuka. Da ya tambaya, uwar ta ce yaye shi ta ke yi da wuri, domin Baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, ya yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa. Shi ne kuma ya kafa diwani, watau littafin sunayen masu rabo, ya sa magatakarda a kansa. To, in jariri ya ci daga Baitulmali zamanin Umar bai zama almajiri ba, yaya na yau zai zama? In magatakardan diwani aikin lada suka yi, yaya 'yarmu za ta zama abin zargi? Haraji kuwa muna biya. Kowace rana mai tikiti na Asambili yana zagaya kasuwa, ba ya tsallake teburin Bahaushe.

Mun san inda tsoron takarda ya samo asali. A 1954 iyayenmu suka kafa jam'iyyar Muslim Association Party don a ji muryar zongo. A 1957 doka ta hana jam'iyyun addini da na ƙabila. A 1969 Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashe maƙwabtanmu a manyan motoci, waɗansu an haife su a nan. Tun daga ran nan dattawa da yawa in sun ga mai littafi da alƙalami sai su rufe ƙofa. Amma a tuna, rashin takarda ne ya kori mutane a 1969. Yau ma haka. A gwajin 2015, macen da ta zo neman shiga sai ta nuna katin awon ciki, ko takardar haihuwar jariri da katin awonsa. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika wata goma sha biyu. Mu kuwa sai mu yanka rago, mu yi ɗinkin anko, mu kira makaɗa, takarda ko oho. In an zo ƙidaya mace ta ji kunyar maƙwabta ta ce ba ta rasa kome ba. Ran da sunaye suka fito, sai a ce 'yar wane ce ta hana.

Kada Gwamnati ta ga mun wanke ma'aikaciya ta ɗauka ita ma mun wanke ta. Muna da kuka. Yawancin shirin nan ƙauyuka ya nufa, alhali talaucin Nima da Mamobi da Sabon Zongo da Aboabo ba ɓoyayye ba ne. Mai ƙidaya ya ga rufin kwano da wutar lantarki ya zaci akwai hali, bai san mutum takwas ke haya a ɗaki ɗaya ba. An kafa Asusun Raya Zongo da doka a 2017, amma uwa mai goyo ba kwalbati kaɗai ta ke bukata ba. Wa zai faɗi wannan a inda za a ji? Sai wanda ke cikin ofis, ya san harshenmu, ya san abin da "muna nan dai" ke nufi a bakin macen da ba ta ɗora tukunya ba tun jiya. Shekara da shekaru muna kukan ba namu a ofis. Allah ya ba mu ɗaya, ga shi muna korarta da bakinmu. In ta tafi aka kawo wanda ba ya jin Hausa, wa za mu zarga?

Saboda haka ƙungiya ta yanke shawara kamar haka. Na ɗaya, ran Juma'a mai zuwa bayan La'asar shugabanni za su je gidan iyayen yarinyar nan su ba da haƙuri a madadin jama'a, muna kuwa so waɗanda suka yi maganar su biyo mu. Na biyu, muna roƙon limamai da masu raɗin suna su riƙa tambayar uban jariri ko an yi rajistar haihuwa, in ba a yi ba sakataren ƙungiya zai raka shi. Na uku, duk wanda aka nemi kuɗin goro a wurinsa don sa suna, ya kawo mana labari, za mu kai gaba. Na huɗu, ranar biya mata biyu daga ƙungiya za su tsaya kusa da layi, kowace mace ta koma gida da abinta. Na biyar, za mu rubuta wa ɗan majalisarmu na Asambili ya nemi a sake ƙidayar unguwannin zongo. Zaɓen Asambili bayan shekara huɗu-huɗu a ke yinsa, na baya an yi a Disamba 2023, muna nan muna kallon wanda ya yi aiki.

Ku kuma samari da 'yan mata da kuka gama sakandare, akwai makarantar koyon aikin jin daɗin jama'a a Osu, akwai sashensa a jami'ar Legon. Ku nema. Albashin ba yawa, zagi kuwa kun ga samfurinsa. Amma jaririn da ya sami abinci cikin kwana dubun nan saboda wani ya tsare littafi da gaskiya, shi ne zai yi tsawo, ya iya karatu, ya riƙe zongon nan bayanmu.

Ke kuma 'yarmu, ki yi haƙuri, ki janye takardar neman canji. Iyayenki ne suka yi kuskure, za su kuwa gyara. Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki. Mu kuma ya tsare harsunanmu.