Kafin a sallami ɗan riƙo daga asibiti

Mutanen Gagamari da ke jihar Diffa ba sa buƙatar wa'azi kan riƙon ɗan wani. Da Boko Haram ta afka wa Damasak a Nuwamban 2014, jama'a suka tsallako kogin Komadugu zuwa Gagamari, aka wayi gari da yaran da ba su san inda iyayensu suka nufa ba. Gidajen da su kansu ba su da wadata ne suka shimfiɗa musu tabarma. Ɗa na kowa ne, kuma a wannan kwari an nuna hakan a aikace.

Damuwata tana ga yaron da bai da lafiya. Riƙon lafiyayye tuwo ne da tufa da tarbiyya. Yaron da ya fito daga sashen masu tamowa na cibiyar uwa da yaro ta Diffa, ko mai sikila, ko mai farfaɗiya, riƙonsa aiki ne mai ƙa'ida, kuma ƙauna kaɗai ba ta koya wa mutum ƙa'idar.

A duba mai tamowa. A asibiti an tashe shi da madarar F-75, ana ba shi kaɗan kaɗan dare da rana. Da kumburin ƙafa ya saɓe, ya fara karɓar abinci, sai a ce an sallame shi, a ci gaba da zuwa awo kowane mako a asibitin karkara. Sallama ba warkewa ba ce. Binciken CHAIN da aka wallafa a 2022, wanda ya bi yaran da aka kwantar a ƙasashe shida har da Burkina Faso, ya gano kusan rabin waɗanda suka rasu bayan sun koma gida ne suka rasu. Yawancin yaran nan a hannun iyayensu mata suke, waɗanda suka yi jinyarsu suka san kukansu. To ina ga wanda aka miƙa wa matar da ranar ta fara ganinsa?

Ana damƙa mata ƙunshin Plumpy'Nut, abincin masu tamowa, da kati da ranar dawowa. Tana isa gida 'ya'yanta huɗu sun zuba wa ledar ido, su ma da yunwarsu. Wace uwa ce za ta hana? Nan rabon mara lafiya yake raguwa. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Laifin na tsarin da ya aiko da abincin mutum ɗaya gidan da kowa ke jin yunwa ne. Ga kuɗin motar zuwa awo, a yankin da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta tsayar da babura, ta kuma daɗe tana danne cinikin tattasai da kifi, har aljihun magidanta ya bushe. Kulawar 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar tun 2006, amma direba ba ya karɓar kati.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini. A kawo uwar riƙo ta kwana biyu ko uku a gefen gadon kafin sallama, ta ba da maganin da hannunta a gaban malamar asibiti, ta koyi auna dantse da zaren awo mai launi uku, ta san ja na nufin a koma asibiti yau, ba gobe ba. A rubuta sunanta a ofishin kare yara, Bulama ya shaida, don in Kuros Ruj ta gano dangi a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A haɗa mata hatsin gida duka da kuɗin zuwa awo. In ta tsallake mako ɗaya, wani ya taka ya je gidan.

Ga likitocinmu da hukumar kare yara ta jihar Diffa: kada a sa hannu a takardar sallamar yaron da ba shi da iyaye sai an san matar da za ta tashi da shi cikin dare, an kuma tabbatar tana da abin tashin.