Wa Zai Zana Hoton Lebura?

A garin Salfod, kusa da Manchesta ta ƙasar Ingila, akwai wani babban gida da aka buɗe a cikin shekarar 2000 a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa. An sa masa sunan wani mai zane, L. S. Lowry, wanda aka haifa a 1887, ya rasu a 1976. Duk wanda ya shiga ɗakin da ake nuna ayyukansa, abin da zai tarar a jikin bango shi ne masaƙu, da hayaƙi ya turnuƙe sama, da ɗaruruwan ma'aikata sirara, kowa ya sunkuyar da kai yana sauri zuwa aiki ko komawa gida.

Shi wannan Bature ya san mutanen da ya zana. Shekara 42 ya yi yana aikin karɓar kuɗin haya, gida gida, a unguwannin talakawa, sai da dare yake ɗaukar burushi. Launi 5 kaɗai yake aiki da su: baƙi, fari, ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Masu suka sun yi ta yi masa ba'a, wai mutanensa kamar tsinken ashana suke. A 1968 aka so ba shi lambar girma ta Sir, ya ce ba ya so. To, a 2022 sai da gidan nan ya biya fam miliyan 7.8 kafin ya mallaki zanensa guda ɗaya na 1953, wanda ke nuna jama'a suna tururuwa zuwa kallon ƙwallo.

Labarin nan ya shafi ɗan Arewa, domin a zamanin Turawa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya, bayan an gurje ta, tana cikin wadda ake kaiwa masaƙun wannan yanki na Ingila. Haka kuma wani kamfani na can ne aka haɗa gwiwa da shi aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Yau yawancin masaƙun Ingila sun mutu, amma jikokin ma'aikatansu suna iya zuwa su ga yadda kakanninsu suka sha wuya. Masaƙar Kaduna ita ma ta tsaya tun 2002. Ina zanen dubban ma'aikatan da ke fitowa daga Kakuri idan an tashi aiki? Ina ɗakin da yaro zai je ya gan su?

Wani zai ce hoto ba ya maganin yunwa. Gaskiya ne. Amma mutumin da ba a ajiye shaidar wahalarsa ba, da sauƙi ake cewa bai tsinana kome ba. 'Yan Arewa mazauna Kurmi sun fi kowa sanin haka. 'Yan dako a kasuwar Mile 12, da 'yan ga-ruwa da masu gadi a Ikko, da mahauta a Agege, da 'yan goro a Sabon Badun, guminsu yana cikin ginin waɗannan birane. Amma ba safai ake ganin hotonsu a jarida ba sai ranar da rikici ya tashi ko aka rushe musu rumfuna.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kudu su tashi tsaye. Su gayyato ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su zauna a zango su yi aiki. Matasa masu waya a hannu su ɗauki hoton iyayensu a bakin sana'a, a rubuta suna da gari da shekara, a adana wuri guda. Lowry ma da albashin ɗan ƙaramin ma'aikaci ya fara. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.